Haraji da rakiya a ƙasar Abzin: daga sarkin turawa zuwa ayarin zinariya na Cibarakatan

Gabatarwa

A tsakiyar shekara ta 2014, ƴan watanni bayan gano zinariya a Jado, labari ya bazu cewa an sami wata a can ƙuryar arewacin jihar Agadas, dab da iyakar Aljeriya, kusa da wata tsohuwar rijiya da ake ce ma Cibarakatan. Kafin shekara ta kewayo, wurin da a da makiyaya da ƴan fito kaɗai suka san hanyarsa ya cika da dubban mutane, Abzinawa da Hausawa da Zabarmawa da Tubawa da Larabawa, har da baƙi daga ƙasashen maƙwabta. Gari ya tashi a kan tsandauri, babu famfo, babu lakwal, babu kwalta. Abin da hukuma ta fara kaiwa can shi ne soja: waɗansu su zauna tsaron wurin, waɗansu su yi wa motoci rakiya zuwa Arlit da Agadas.

A cikin wannan ɗan nazari ba za mu tsaya ga haƙar zinariyar ita kanta ba, don masana irin su Emmanuel Grégoire da Laurent Gagnol da Mathieu Pellerin sun yi bayaninta tun 2017. Tambayarmu ta tarihi ce: a ƙasar Abzin, mene ne mai mulki yake karɓa, kuma mene ne yake mayar wa jama'a? Ra'ayinmu shi ne, tun daga ƙarni na 15, harajin wannan ƙasa ya fi dogara ga kayan da ke wucewa, kuma aikin da mai mulki ya fi yi da kuɗin shi ne tsare hanyar da kayan ke bi. Sa'ad da aka gwada ɗora harajin a kan kawunan mutane an sha wuya, sa'ad da kuma aka yi alkawarin mayar wa mutane da kuɗin kaya, alkawarin yakan tsaya a rabin hanya. Cibarakatan ta sake fito da wannan tsohuwar magana fili.

Sarautar da ayari ya ciyar

Kamar yadda Jibo Hamani ya nuna a cikin littafinsa na 1989 a kan sarautar Ayar, wajen shekara ta 1405 ne ƙabilun Abzin suka naɗa Yunus sarki, don su sami mai raba musu gardama. Daga baya, cikin wannan ƙarnin, fada ta koma Agadas. Sarkin da aka naɗa ta wannan hanya ba shi da runduna tasa ta kansa da za ta tilasta wa Kel Ewe ko Kel Geres su biya shi harajin kai. Su suka naɗa shi, su kuma ke tuɓe shi in sun ga dama, kuma jerin sarakunan Agadas cike yake da waɗanda aka tuɓe. Saboda haka abincin fada daga baƙo yake fitowa, watau daga fataken da suka ratso Sahara da waɗanda suka hauro daga ƙasar Hausa.

Alhasan Alwazzan, wanda Turai ta sani da sunan Léon l'Africain, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa sarkin Agadas yana samun kuɗi mai yawa daga abin da fatake ke biya a kan kayansu, kuma yana kai wa sarkin Tumbutu, watau Askiya na Songoi, gaisuwar da ta kai wajen duka 150,000, tsabar zinariya irin ta wancan zamani. Ko da an yi ƙari a cikin wannan lissafi, yana nuna mana girman abin da ke ratsa garin a lokacin.

Mafi cikakken bayani shi ne na Heinrich Barth, wanda ya zauna Agadas cikin watan Oktoba na 1850, zamanin sarki Abdulkadiri. Ya tarar da gari ya ja baya, gidaje da yawa sun zama kangaye, mutanen da suka rage ya ƙiyasta su wajen 7000. Amma tsarin kuɗin fada yana nan. Kowane kayan raƙumi na hajar waje da ya shiga gari ana biya masa miskali 10, abinci kuwa ba a karɓar kome a kansa. Ga ɗan abin da ake samu daga gishiri, ga tara da ake ci wa maɓarnata, ga gaisuwar da ƙabilu ke kawowa ranar naɗin sarauta. Wannan keɓewar da aka yi wa abinci ba ƙaramar dabara ba ce a garin da hatsinsa daga Damargu da ƙasar Hausa yake zuwa.

Wanda ya fi jan hankalinmu a cikin fadawan shi ne sarkin turawa. Ya kamata mu tuna wa mai karatu cewa a Hausar wancan zamani turawa su ne fataken Larabawa na arewa, mutanen Gadamas da Gat da Tuwat. Sai daga baya sunan ya koma kan Nasara. Sarkin turawa shi ke karɓar kuɗin kaya a madadin sarki, shi ke kula da baƙin fatake, kuma a kowace shekara shi ke raka ayarin gishiri na Kel Geres daga Agadas zuwa Sakkwato. Ladansa, in ji Barth, kantu guda ne a kan kowane kayan raƙumi, kimanin kashi ɗaya bisa takwas na kayan. A nan mai karɓar haraji da mai yin aiki mutum guda ne, kuma mai biya yana ganinsa a kan raƙuminsa tun daga fita har isa. In ayari ya faɗa hannun mahara, an san wanda za a tambaya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Sarkin turawa dai a gaban idon kuturun yake yin nasa askin.

Ba ma so mu mai da wannan zamani aljanna. Rijiyoyin hanya ƙabilun da suka mallake su ke gyara su, karatu na malamai ne da almajiransu, kuma bayi na cikin hajar da ake biya wa wancan miskali 10. Abin da muke so a riƙe shi ne siffar cinikin: ka biya a kan kaya, a tsare maka hanya.

Lanho da raƙuma

Faransawa sun ratsa Agadas a 1899 da tawagar Foureau da Lamy, suka dawo a 1904, suka zauna sosai daga 1906, shekarar da suka kama Bilma. Sun zo da wani lissafi dabam, kuma dokoki biyu ne suka haife shi. Dokar kuɗi ta 13 ga Afrilu 1900 ta ce kowace ƙasar mallaka ita za ta ɗauki nauyin mulkinta, Faransa ba za ta biya kome ba sai kuɗin soja. Sa'an nan dokar 18 ga Oktoba 1904 ta mai da kuɗin duwan na dukan Afirka ta Yamma ta Faransa zuwa babban asusun gwamna janar a Dakar. Me ya rage wa ƙasa irin Nijar, wadda ba ta da bakin teku? Sai kan mutum da kan dabba: lanho, wanda a wurare da yawa ake kira bodo, da kuma jangali.

Wannan ya faɗo daidai lokacin da hanyar Sahara ke mutuwa. Italiya ta kama Tarabulus a 1911, jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar nan, fatu da gashin jimina suka juya zuwa Ikko. Watau an fara neman tsabar kuɗi daga mutanen da aka toshe wa hanyar samun tsabar. Gaskiya ne Faransawa ma sun yi rakiya, sojansu na raƙumi suna bin ayarin Bilma don kare shi daga hari. Amma raƙuman da mulki ke bukata don ɗaukar kayan bariki da wasiƙu da abincin soja daga garken Abzinawa ake kama su, kuma da yawa ba sa dawowa. Ga fari da yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 da 1914, ga yaƙin duniya da ya ƙara wa kwamandoji bukata.

André Salifou da Finn Fuglestad sun yi bayanin yadda waɗannan abubuwa suka taru suka share wa Kawsan hanya. Daga watan Disamba na 1916 zuwa farkon Maris na 1917, shi da sarkin Agadas Tagama sun tsare sojan Faransa a cikin barikinsu. Akwai hannun Sanusiyya a ciki, akwai bindigogin da aka samo daga Fezzan, amma da wuya a fahimci yawan waɗanda suka bi shi in ba a sa kamun raƙuma da lanho cikin lissafi ba. Ramuwar ta yi muni: an kashe malamai da yawa a Agadas, an kwashe dabbobi, an kora mutanen duwatsu zuwa kudu, waɗansu har Kano da Katsina. An kashe Kawsan a Fezzan a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Agadas a 1920. Mulkin da ya zo ƙidayar kawuna ya wayi gari kawunan sun ragu ƙwarai.

Shekarun da suka biyo baya ba su da dogon labari ta fuskar aikin hukuma. Hanyoyin mota da aikin dole aka share su, har aka soke shi da dokar 11 ga Afrilu 1946. Asusun FIDES, da aka kafa a wannan watan, shi ne karo na farko da kuɗin Faransa ya shigo don gina lakwal da gidan likita, amma rabon arewa a ciki kaɗan ne. Sai da aka sami man fetur a Saharar Aljeriya, aka kafa hukumar OCRS a 1957, sa'an nan aka tuna da rijiyoyi da hanyoyin Abzin. Mu lura da wannan: kuɗi ya nufo arewa ne da aka ji ƙanshin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Hanyar da ta tsaya Arlit

Gwamnatin Jori Hamani ta gaji lanho da jangali a 1960, ta riƙe su, don ban da su da kuɗin gyaɗa ba ta da wani abin kirki. Ta yi ƙoƙari wajen ruwan dabbobi, ta kafa OFEDES a 1963 don rijiyoyi da tashoshin famfo na yankin makiyaya. Amma farin da ya fara a 1968 ya kai 1974 ya cinye garke, kuma makiyayin da shanunsa suka mutu yana iya tarar da su da ransu a cikin littafin mai karɓar jangali.

Uraniyum ne ya sauya lissafin. An fara gano shi a Azelik a 1957, aka kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da shi a Arlit a 1971; COMINAK kuma an kafa ta a 1974, ta fara aiki a Akokan a 1978. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Saini Kunce ya sami farashi mai kyau a kasuwar duniya, har uraniyum ya kai fiye da kashi biyu bisa uku na abin da ƙasa ke sayarwa waje, abin da ake haƙowa kuma ya wuce tan 4000 a 1981. Da wannan kuɗin ne aka iya soke jangali da lanhon gwamnati cikin shekarun 1970, aka bar ɗan harajin da'ira wanda sarakuna da masu gari ke tarawa. Wannan babban sauƙi ne ga talaka tun daga Gaya har Bilma, kuma duk mai cewa arzikin arewa bai amfani kowa ba ya kamata ya fara da shi. Sai dai yana da wata fuska: baitulmalin da ya daina dogara ga aljihun talaka ba ya jin tilas ya yi wa talaka bayani.

A cikin jihar Agadas kuwa, manyan ayyuka biyu aka yi, kuma dukansu ma'adini suka bi. Na farko shi ne kwaltar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, sama da kilomita 600, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 da kuɗin kamfanonin haƙar, har aka sa mata suna hanyar uraniyum. Ta nan farar wuta da kayan aiki suka riƙa haurowa daga Kwatano, ta nan gangunan uraniyum suka riƙa gangarawa. Inda ramin haƙa ya tsaya, nan kwalta ta tsaya. Na biyu shi ne SONICHAR, da aka kafa a 1975 don ƙona gawayin Anu Araren kusa da Cirozerin. Wutar ta fara zuwa a 1981, don masana'antun Arlit da Akokan tukuna, garuruwa kuma suka samu a gefe. A Arlit ɗin ma, asibitocin da suka fi kayan aiki na kamfani ne, ruwa da wuta na unguwannin ma'aikata ne, waɗanda suka biyo baya neman abinci kuwa suka kafa unguwar da sunanta ya ishe ta bayani: Bukkoki. Manyan gine-ginen zamanin, irin su otel Gaweye da babban zauren taro da benen ONAREM, a Yamai suke, nisan wajen kilomita 950 daga Agadas.

Mai tsara kasafin kuɗi a Yamai yana da tasa hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Jihar Agadas ta fi rabin faɗin ƙasa, amma a ƙidayar 2012 mutanenta wajen 487,000 ne cikin miliyan 17 da ɗoriya, watau ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Kuɗin da zai gina gidan likita ga ƙauyuka goma a Maraɗi, a Abzin zango ɗaya zai yi wa, kuma likitan da aka tura ba lalle ne ya zauna ba. In an raba bisa yawan kawuna, arewa ba ta da abin kuka. In an raba bisa inda kuɗin ya fito, ko bisa nisan da mai naƙuda za ta yi kafin ta ga ungozoma, tana da shi. Gardamar shekaru arba'in da suka biyo baya a kan wannan take.

Kashi 15 cikin 100

Farashin uraniyum ya faɗi daga 1980. Nijar ta shiga hannun Asusun ba da lamuni na duniya a 1983, aka tsuke bakin aljihu, aka fara biyan kuɗi a asibiti, albashi ya riƙa makara, aka kuma karya darajar sefa da rabi cikin Janairu 1994. A wannan yanayi ne abin da ya faru a Cintabaraden cikin Mayu 1990 ya buɗe ƙofar tawaye na farko. Cikin manyan bukatun ƴan tawayen akwai biyu da suka shafe mu: a sakar wa yankuna mara su gudanar da kansu, kuma a ba su rabo daga kuɗin ma'adinai. Yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ta yi alkawarin raba iko da raya yankunan da yaƙi ya shafa. Amma sai ran 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen da ya kafa ƙananan hukumomi 265, waɗanda 15 daga cikinsu ke jihar Agadas.

Rabon kuɗin ya zo da doka mai lamba 2006-26 ta 9 ga Agusta 2006, wadda ta gyara dokar ma'adinai ta 1993. Ta ce kashi 85 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ya shiga baitulmalin ƙasa, kashi 15 kuma ya koma ga ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo abin, don ayyukan raya ƙasa. Tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙarfafa ƙa'idar rabon a aya ta 152.

A nan ya kamata a karanta dokar a hankali, don mutane da yawa sun ɗauka kashi 15 na dukan arzikin uraniyum ne. Abin da ake rabawa abubuwa biyar ne da dokar ta lissafa: ladan haƙa da kamfani ke biya bisa darajar abin da ya fitar, kuɗin hayar fili, kuɗin takardun izini, harajin masu haƙar hannu, da kuɗin katin da ake sayar musu. Harajin riba da rabon da gwamnati ke samu na hannun jarinta ba sa ciki. Ladan haƙar kansa dokar ta yi masa hawa uku, kashi 5.5 da 9 da 12 bisa ga ribar kamfani, kuma sai bayan doguwar ja-in-ja Areva ta yarda, a yarjejeniyar 26 ga Mayu 2014, a yi wa kamfanoninta aiki da wannan tsari. A wannan yarjejeniyar ce ta yi alkawarin yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, da miliyan 17 don noma a kwarin Irhazer. Shekara talatin da ɗoriya bayan shimfiɗa ta, kwaltar ta ragargaje, kuma aka sake komawa ƙofar mai ma'adini neman kuɗin gyara.

Ɗan abin da doka ta yanke ma bai riƙa isa a kan kari ba. Kuɗin yakan shiga baitulmali ɗaya a Yamai tukuna, daga can a mayar, kuma magadan gari na jihar da ƙungiyoyi irin su ROTAB sun yi shekaru suna kuka da bashin da ya taru. Magajin garin da bai san ranar da kuɗi zai zo ba, ba ya iya ba ɗan kwangila aikin aji uku. Watanni shida bayan dokar, cikin Fabrairu 2007, ƙungiyar MNJ ta kai hari Iferwan, aka shiga tawaye na biyu har 2009, kuma rabon arziki na cikin abin da ta riƙa ambata.

Cibarakatan

To, a kan wannan shimfiɗa ce zinariya ta sauka. Guguwar ta taso daga Sudan, ta ratsa Cadi a 2013, ta iso Jado cikin Afrilu 2014. Ta tarar da samari da yawa da suka dawo daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, sun san mota, sun san hamada, ba su da aiki. Yawon buɗe ido kuwa ya mutu tun tawaye na biyu. Zinariyar Jado kusa da bisa take, da na'urar gano ƙarfe ake nemanta. Ta Cibarakatan a cikin jijiyar dutse take, sai an haƙa rami mai zurfi, a fasa, a niƙa, a wanke. Wannan yana bukatar jari da inji da ma'aikata masu zama, shi ya sa wurin ya zama gari na sosai, da kasuwa da masallatai da masu gyaran mota.

Abin da ya fi kome tsada a can ruwa ne. Da motoci ake kawo shi daga nesa, a sayar tano-tano. Rashinsa ya sa aka riƙa ɗura dutsen a buhuna ana kai shi ɗaruruwan kilomita zuwa Arlit, inda aka kafa wurin niƙa da wanki da zaiba wanda ake kira Gidan Daka. Watau maimakon a kai wa dutse ruwa, dutsen ne ke tafiya neman ruwa, a kan hanyar da ba ta taɓa ganin kwalta ba. Sauran bukatu kuwa, tsarin ramuka da sasanta rikici da ɗakin shan magani, masu binciken da muka ambata sun nuna cewa kwamitin mahaƙa da manyan masu ramuka ne suka fara ɗaukar nauyinsu. Mai kuɗin da ya biya wa ma'aikaci magani ya yi alheri, ba mu musa ba. Amma mai rami ɗaya ya zama shi ne mai ba da aiki, shi ne mai raba gardama, shi ne asibiti, kuma lebura ba shi da ranar zaɓe da zai tuɓe shi.

Rabon hukuma a cikin aikin shi ne rakiya. Motoci su taru, soja su shiga gaba da baya, ayari ya tashi a ranar da aka sa, don ƴan fashi sun yawaita a hanyar tun farkon haƙar. Wanda ya karanta Barth ba zai rasa gane wannan hoto ba. Bambancin yana ga lada. Sarkin turawa yana ganin kantunsa, don kayan raƙumi ba ya ɓoyuwa. Gangar uraniyum ma ana auna ta, ana rubuta ta, mai sayenta sananne ne. Kilo guda na zinariya kuwa girmansa kamar kwalin ashana biyu ne, kuma a shekarun 2014 zuwa 2017 kuɗinsa ya fi miliyan 20 na sefa. Aljihun riga ya ishe shi. Harajin masu haƙar hannu da kuɗin kati suna cikin abubuwa biyar da ake cire wa kashi 15, amma sai abin da aka bayyana ake yi wa haraji, kuma duk binciken da aka yi ya nuna zinariyar da ke isa Dubai daga ƙasashen Sahel ta fi wadda ake rubutawa a littattafan duwan nesa ba kusa ba. Ƙananan hukumomin arewacin Abzin, irin su Iferwan da Gugaram, sun ga jama'a da motoci da marasa lafiya sun ƙaru a ƙasarsu, alhali abin da suke iya tarawa da kansu shi ne kuɗin kasuwa da na tasha da ɗan harajin kai wanda bai wuce jika guda ba ga mutumin ƙauye. Mahaƙin da ya zo daga Tawa ko Damagaram kuwa, sunansa a littafin mai garinsu yake.

Gwamnati ta san abin da take yi da ta ƙyale. Ta rufe Jado a farkon 2017, inda baƙi masu makamai suka yi yawa, ta bar Cibarakatan a buɗe. A daidai lokacin ne doka mai lamba 2015-36 ta 26 ga Mayu 2015, wadda aka fara aiki da ita sosai a 2016, ta hana jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya, ta raba direbobi da masu masauki da sana'arsu, ta kuma rage wa ma'aikatun magadan gari na Agadas da Dirku kuɗin shiga. Ramukan zinariya suka shanye da yawa daga waɗannan mutane. A ganinmu, harajin da ba a karɓa ba shi ne kuɗin da aka biya don kada a yi tawaye na uku, kuma gwamnatin da firaministanta daga 2011 zuwa 2021, Birji Rafini, ya taɓa zama magajin garin Iferwan ba ta jahilci wannan ciniki ba. Mai yiwuwa ma ya fi yaƙi araha. Sai dai ba a rubuta shi a cikin kowane kasafi ba, balle ƴan majalisa su tattauna shi.

Ba wai kuɗi bai shigo jihar a shekarun nan ba. An gyara birnin Agadas don bikin 18 ga Disamba 2016, Tarayyar Turai ta zuba kuɗi don tare ƴan ci-rani, Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙi a gefen gari, ta fice daga cikinsa a watan Agusta 2024. Kowanne ya bi abin da mai kuɗin ke so ko yake tsoro. Muritaniya, wadda guguwar ta isa a 2016, ta ɗauki wata hanya: ta tara masu niƙa a wurare sanannu irin su Shami da Zuwerat, babban bankinta ya shiga sayen zinariyar, sa'an nan ta kafa hukumar Maaden a 2020 don kai ruwa da tsari ga mahaƙa. Tsarin yana da nasa ƙorafe-ƙorafe, amma ya gane abin da fadar Agadas ta gane tun tuni, cewa a mashiga ake karɓar kuɗin kaya, kuma mai kaya ba ya bin mashigar sai in akwai abin da zai samu a can. A Nijar an gyara dokar ma'adinai a 2017 don shigar da ƙananan kamfanoni masu inji, aka yi sabuwa a 2022.

Ƙasan da kashi 15 ke tsaye a kai kuwa ta motsa sau da yawa tun daga nan. COMINAK ta rufe ran 31 ga Maris 2021, ladan haƙarta ya tafi da ita. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da tsarin mulkin 2010 da ayarsa ta 152, aka soke dokar ƴan ci-rani cikin Nuwamba na shekarar. Cikin Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi a madadinsu. Cikin Yuni 2025 gwamnati ta mai da SOMAÏR mallakar ƙasa, watau mai biyan ladan haƙa da mai karɓarsa da mai naɗa wanda za a mayar wa rabon suka zama hukuma guda.